Zauren Manoma: Ƙwarin da Ke Cin Ƙwarin Gona

Assalamu alaikum. Wasiƙun wannan karo kusan duk kuka ɗaya suke yi: maganin feshi ya yi tsada, ƙwari sun daina jin sa, ga kuma labari yana yawo cewa akwai ƙwarin da ake saki a gona su kashe masu ɓarna. Mun zaɓi guda 7, mun taƙaita wasu saboda fili.

TAMBAYA: Bara murzuna ta gama mana da gero, kowace zangarniya ka ɗaga sai ka ga hanya a murɗe, ba ƙwaya. Mun ji a wani gari an rataya 'yan jakunkuna masu ƙwari, geronsu ya tsira. Me ke cikin jakar, yaya ake yi, kuma ba za su harbi yara ba?
Daga wani manomin gero, jihar Maraɗi.

AMSA: Malam, abin da ke cikin jakar ɗan zanzaro ne da masana ke kira Habrobracon hebetor. Tsawonsa milimita 2 zuwa 3 ne kawai, ba ya harbin mutum ko dabba, kuma ba baƙo ba ne, da ma can yana cikin gonakinmu da rumbunanmu. Ka san zanzaron ɗaki da ke gina laka a bango ya cusa tsutsotsi a ciki don 'ya'yansa su samu abinci. To wannan ma sana'arsa ke nan, sai dai shi ba ya gini. Macen tana bin tsutsar murzuna har cikin zangarniya, ta harbe ta jikinta ya mutu, sannan ta saka ƙwai a kanta. 'Ya'yan su ƙyanƙyashe su tsotse tsutsar, su yi 'yar farar saƙa a gefenta, cikin kwana 8 zuwa 12 sun zama manya sun tashi neman wata.

In yana nan, me ya hana shi tare murzuna? Lokaci ne ba ya haɗa su. Murzuna zuwa ɗaya take yi a shekara. Duk rani tana kwance cikin ƙasa, uwar ta fito kamar wata guda bayan ruwan shuka, ta bi dare tana saka ƙwai a kan geron da ya fara fid da kai. Tsutsar ta yi kusan wata tana yanke fure tana cin ƙwaya, sannan ta sauka ƙasa ta kwanta sai baɗi. Shi kuma zanzaron, rani ya riga ya rage shi ƙwarai saboda rashin abin ci, kafin ya hayayyafa ya yi yawa an gama ɓarna. Jakar dabara ce ta cika gonaki da shi tun tsutsar ba ta yi nisa ba.

Haɗin da masu bincike na cibiyoyin binciken noma na INRAN a Maraɗi da ICRISAT a Sadore, duk a Nijar, suka gwada tare da takwarorinsu na Burkina Faso da Mali shi ne: 'yar jakar algarara mai faɗin santimita 7 da tsawon 10, a zuba ƙwayar gero giram 50 da garin gero giram 30, a sa tsutsar hatsin rumbu mai suna Corcyra guda 25, sai matan zanzaro guda 2 da suka riga suka sadu da namiji. A ɗaure baki. Daga kwana na 8 'ya'yan za su fara sulalowa ta ramukan saƙar algararar, kuma jaka ɗaya tana ba da kimanin 60 zuwa 70. Gari guda ana ba shi jaka 15, wato zanzaro wajen 1,000 ke nan a tashin farko. Ana raba su gonaki 5, uku-uku: gona ɗaya a tsakiyar karkarar, sauran a gabas, yamma, kudu da arewa. A rataye su sama da ƙasa kamar mita 2, a jikin itace ko ƙarƙashin jinkar rumbu, a kifa musu bokiti ko wani abin da zai kare ruwa amma iska ta shiga. Tasirinsu ya fi ƙarfi cikin kilomita 3 daga inda aka rataya, yana raguwa zuwa kilomita 5. Inda aka yi daidai, an ga mutuwar tsutsa har kusan kashi 80 cikin 100, amfani ya ƙaru da kusan kashi ɗaya cikin uku.

Inda aikin ke lalacewa kuwa, na farko jinkiri ne. Wanda ya jira sai zangarniya ta cika da hanyoyi sannan ya aika a kawo jaka, ya makara, domin akwai kwana 8 na jira a gaba. Lokacin ratayawa shi ne sa'ad da geron farko ya fid da kai, aka fara ganin ƙananan tsutsotsi in an buɗa furen da yatsa. Na biyu zafi: jakar da ta wuni a bayan mota ko kan babur cikin rana, abin da ke cikinta ya mutu kafin ta iso, don haka da sassafe ko da yamma ake jigila. Na uku tururuwa, wadda ke bin igiya ta shiga ta kwashe komai. A shafa baƙin mai ko giris a igiyar. Ruwa in ya jiƙa garin sai ya yi funfuna. Akwai kuma wata matsala daga wajen masu kiwon zanzaron: macen da ba ta sadu da namiji ba tana yin ƙwai, amma maza zalla za ta haifa, namiji kuwa ba ya harbin tsutsa. Shi ya sa ake barin maza da mata tare na kwana ɗaya ko biyu kafin a zaɓi matan. Sannan duk wanda ya fesa guba kusa da jakunkunan ya kashe wa gari duka aikinsu. Wannan ba aikin mutum ɗaya ba ne, zanzaro bai san iyakar gona ba. A kai maganar gaban mai gari, a yi karo-karo.

Bayan mako 2 zuwa 3 ka shiga gona ka duba zangarniya 20 masu hanya. In kana ganin matattun tsutsotsi sun yi laushi ko sun yi baƙi, da 'yan fararen saƙa a gefensu, aiki ya ci. Bayan wata guda a sauke jakunkunan a ƙone, kada ragowar tsutsar hatsin ta sami hanyar rumbu. Baɗi kuma sai an sake, domin rani zai sake rage shi. A Nijar ka tuntuɓi malamin gona na yankinku ko INRAN tun watan Yuni. Masu karatu na Najeriya su fara da malaman gona na jiha, ko Cibiyar Binciken Tafkin Chadi da ke Maiduguri, wadda binciken gero ke hannunta.

TAMBAYA: Sau uku na yi wa masarata feshi, har na ƙara da fiya-fiya, amma bayan mako guda tsutsa ta dawo fiye da da. Maƙwabcina bai fesa komai ba, kuma gonarsa ba ta fi tawa lalacewa ba. Maganin ne jabu?
Daga wani manomi, Saminaka.

AMSA: Alhaji, jabu yana kasuwa, amma ko da na gaske ne haka na iya faruwa. Fara tabbatar da ko wace tsutsa ce. Baƙuwar nan da ta zo daga nahiyar Amurka, aka fara tabbatar da ita a Afirka a farkon 2016, Najeriya na cikin ƙasashen farko, tana da farin zane mai ƙafa biyu a goshi kamar harafin Y a kife, da ɗigo baƙaƙe 4 a jere murabba'i kusa da wutsiya. In ta girma tana shigewa can cikin zuciyar masara, inda sabon ganye ke nannaɗe, ta toshe sama da kashinta. Feshin da aka watsa kan ganye bai kai gare ta ba. Waɗanda ya samu su ne masu yawo a fili: tururuwa, gizo-gizo, ƙwaron nan mai almakashi a wutsiya, rina, da ƙananan zanzaro. Uwar tsutsar kuwa da dare take tasowa daga nesa, ta zuba ƙwai 100 zuwa 200 a tari guda, ta tarar ba mai cin ƙwan. Tsutsa ta fi maƙiyanta saurin dawowa, shi ya sa feshi na biyu ke jawo na uku. Haka ta faru da shinkafa a Indonesiya, har a 1986 gwamnatin Shugaba Suharto ta hana amfani da magungunan ƙwari iri 57 a gonakin shinkafa, bayan an gane su ne ke ƙara wa wani ƙwaro mai tsotson shinkafa yawa.

Daga fitowar masara, ka riƙa zagaya gona sau 1 ko 2 a mako da safe. Ka tsaya wurare 5 a warwatse, ban da bakin gona, ka duba tsiro 10 a kowane wuri. Sabuwar ɓarna kake nema, wato ganyen da aka kankare ya yi shara-shara ko ɗanyen kashi, ba tsohon rami ba. In masara tana ƙarama, sai 10 cikin 50 ɗin sun kamu ake maganar magani. In ta wuce gwiwa tana dosar ƙugu, sai 20 cikin 50. Ƙasa da haka masara mai taki da danshi tana warkewa da kanta, kuma ganye mai ramuka ya fi tsoratar da ido fiye da rage buhu.

Ga wata dabara da ba ta cin ko kwabo. Tarin ƙwan yana kan ganye, lulluɓe da gashi mai launin toka. Maimakon ka murtsuke duka, ka yanko ɗan ganyen ka sa a kwalba, ka rufe bakin da ƙyalle, ka ajiye a inuwa. Tsutsotsin za su ƙyanƙyashe cikin kwana 2 zuwa 4, ka kashe su. Ƙwan da ya yi baƙi ƙirin bai fashe ba bayan kwana 5, akwai ɗan zanzaro a ciki. Ɗaya daga cikinsu, Telenomus remus, bai kai milimita 1 ba, kuma an tabbatar yana nan a Nijar da Benin da wasu ƙasashen Afirka ba tare da an kawo shi don wannan tsutsa ba. Wajen kwana na 10 za ka ga ɗige-ɗige baƙaƙe suna yawo a kwalbar, sai ka buɗe ta a tsakiyar gona.

Ka kuma lura da gawar tsutsa. Wadda ta yi laushi ta rataye tana tsiyayar ruwa, ƙwayar cutar bairas ce ta kashe ta. Wadda ta sandare ta yi fari ko kore, funfuna ce. A tara su a daka, a dama da ruwa, a tace, a zuba a zuciyar masarar da ta kamu da yamma. Wasu suna yayyafa ruwan sukari, kilo 1 a lita 10, don jawo tururuwa da rina. Yana taimakawa a wasu gonaki, a wasu bai nuna komai ba, don haka a gwada kan kunya kaɗan tukuna.

In ta kai ga magani, ka nemi mai Bt a jikin kwalinsa, wanda bakteriya ce da tsutsa kawai take kashewa, ko ruwan 'ya'yan dalbejiya: daka giram 500, jiƙa a lita 10 ya kwana, tace da ƙyalle. Dukansu kan ƙaramar tsutsa suke ci, wadda ba ta wuce santimita 1 ba, kuma rana tana kashe ƙarfinsu, don haka da la'asar sakaliya ake yi, bakin injin a saita shi cikin zuciyar kowace masara. Fiya-fiya kuwa ka raba ta da gonarka da huhunka.

TAMBAYA: Darɓa ta rufe min wake, sai ga wasu ƙwari jajaye masu ɗigon baƙi da wasu baƙaƙen tsutsotsi masu ƙafa a cikinta. Yarana suna tsince su suna kashewa. Su ne ke haifar darɓar?
Daga wata mai noman wake, Ɗanbatta.

AMSA: Hajiya, a hana yaran tun yau. Ƙwaron nan mai kumburarren baya, mai sheƙi, ja ko rawaya da ɗigo ko zanen baƙi, darɓa ce abincinsa, babba ɗaya yana iya cin wajen 50 a rana. Baƙar tsutsar mai ƙafa 6 da ɗigon rawaya ɗansa ne, kuma ya fi uwar ci. Ƙwansa rawaya ne, a tsaye, a tare a bayan ganye. Za ki kuma ga wata tsutsa marar ƙafa, kore-kore, mai tsinin kai, tana rarrafe cikin darɓar. 'Yar wani ƙuda ce mai kama da ƙudan zuma da ke tsayawa cak a iska kan fure. In kin ga ƙwai farare kowanne a kan siririn zare, su ma a bar su. Darɓar da ta kumbura ta bushe ta koma ruwan ƙasa, akwai ɗan zanzaro a cikinta, mai 'yar ƙofa a baya kuma ya riga ya fita.

Akwai mai kama da na farkon da ba a raga masa: ba shi da sheƙi, launinsa ja-ja mai duhu, jikinsa da laushin gashi, tsutsarsa rawaya mai ƙaya. Wannan ganyen kabewa da kankana da guna yake kankarewa. Ki duba abin da yake ci, shi zai gaya miki ko wane ne.

Ki ɗaura ƙyalle a tsiro 10 masu darɓa, ki dawo bayan kwana 3 ko 4. In ba ta ƙaru ba, ko kina ganin masu cinta a yawancinsu, ki ƙyale. Ruwan sama mai ƙarfi ma yana wanke ta. Amma waken da bai kai mako 3 ba, ga fari, ganye yana nannaɗewa, ba ya jira. A narka sabulun wanki na sanda giram 150 a injin goyo mai lita 15, a gwada kan tsiro kaɗan a ga ko zai ƙona ganye, sannan a fesa wa wuraren da suka kamu kawai, ta ƙarƙashin ganye. Ban da garin omo. Tururuwar da ke hawa da sauka a jikin waken nan ba taimako take yi ba, zaƙin da darɓa ke fitarwa take sha, tana korar masu cinta.

Kada mu ɓoye miki, daga fure zuwa kwanso labarin wake daban ne. Ƙwarin fure, da tsutsar da ke huda kwanso, da masu tsotson ƙwaya, maƙiyansu na gona ba su cika isarsu ba, shi ya sa ake shawartar feshi 2 ko 3 a wannan lokaci maimakon na kowane mako. Cibiyar binciken noma ta IITA da ke Kwatano ta kawo zanzaro iri 2 daga Asiya ta sake su don tsutsar kwanson, sannan Cibiyar binciken noma ta IAR da ke Samaru ta fitar da irin wake mai suna SAMPEA 20-T a 2019, wanda wannan tsutsa ba ta iya ci, ko da yake sauran ƙwarin suna taɓa shi.

TAMBAYA: Ni dai ina da shakka. A kawo ƙwaro daga wata ƙasa a sake mana, in ya gama da wancan ya juyo kan amfaninmu fa?
Daga wani malamin makaranta, Katsina.

AMSA: Malam, shakkarka tana da tushe. A 1935 an kai wasu manyan kwaɗi 102 daga Hawai zuwa Ostireliya don su ci ƙwaron rake. Ba su magance shi ba, suka bazu, ga dafi a jikinsu da ke kashe namun dajin da suka haɗiye su, har yau ana fama. Kuskuren shi ne an ɗauko mai cin duk abin da ya samu.

Ka gwada da na rogo. A 1973 aka fara ganin wani ƙwaro mai farin gari a jiki yana tsotse rogo a yankin Kwango, daga Kudancin Amurka ya shigo, ya bar maƙiyansa a can. Ya bazu, a wasu wurare yana cinye har kashi 80 cikin 100. Aka bi sawunsa har Faragwai, aka samo ɗan zanzaron da ke saka ƙwai a cikinsa, aka tsare shi a Ingila aka tabbatar ba ya ɗauke da wata cuta, sannan IITA ta sake shi a Ibadan a 1981. Ya bazu ƙasashen rogo sama da 20, ƙwaron ya lafa, manomi bai biya komai ba. Hans Herren, wanda ya jagoranci aikin, ya karɓi Kyautar Abinci ta Duniya a 1995. Irin wannan zanzaro ba shi da bakin cin ganye, 'ya'yansa kuma ba sa rayuwa sai a jikin wannan ƙwaro da danginsa na kusa. In ƙwaron ya ragu shi ma sai ya ragu. Saboda haka ba ya ƙarar da shi kaf, yana dai danne shi ƙasa da inda zai yi ɓarna.

Shigo da ƙwaro daga waje aikin hukuma ne, sai da gwaji da izinin masu kula da shige da ficen tsirrai. Wanda ya ɗauko ƙwaro ko irin shuka a jaka ya tsallako iyaka da shi a ɓoye, ta hanyarsa irin waɗannan annoba ke shigowa.

TAMBAYA: Sharon ta hana mu sakat a tumatir, mun canza magani ya fi a ƙirga. Ita ma tana da mai cinta?
Daga wani mai noman rani, Kura.

AMSA: Tana da shi, ɗan'uwa, amma kada ka sa ran shi kaɗai zai fid da kai a watannin zafi. Sharon tsutsa ce mai cin ganyen tumatir, asalinta Kudancin Amurka, ta shiga Sifen a 2006, a 2016 ta kai jihar Kaduna ga ayyana dokar ta-ɓaci kan tumatir. Tsutsar a tsakanin fatar ganye take, inda feshi ba ya taɓa ta, kuma cikin zafi ƙasa da wata guda ta zagayo daga ƙwai zuwa uwa. Mai haihuwa sau 10 ko fiye a shekara ba ta daɗewa ta saba da guba.

Babban mai cinta a lambu wani siririn ƙwaro ne kore, milimita 3 zuwa 4, mai saurin gudu a kan tohon tumatir, Nesidiocoris tenuis. Ƙwai da ƙananan tsutsotsi yake tsotsewa, har da farin ƙuda. Yana son riɗi, don haka kunya 1 ko 2 ta riɗi a gefen fage, a shuka mako 3 zuwa 4 kafin dashe, tana tara shi ya riga sharon isa. Aibinsa, in ya yi yawa abin ci ya ƙare, sai ya koma tsotson tumatirin: za ka ga zobe ruwan ƙasa a jikin toho, fure yana zuba. Feshin gubar saifametirin ko lamda guda ɗaya yana share shi.

Ka haɗa masa da tarkon ƙamshin macen sharon: roba mai faɗi da ruwa da ɗan sabulu, ƙamshin a rataye bisa ruwan. Guda 2 zuwa 4 a hekta don sanin zuwanta, 20 zuwa 40 don rage ta, a sake ƙamshin duk mako 4 zuwa 6. Maza kawai yake kamawa, saboda haka tun daga gadon reno ake kafa shi. Bt ko dalbejiya duk mako da yamma, ganyen da ya kamu a tsinke a binne. Abin da ya fi cutar masu lambu shi ne tsohon fagen da aka gama tsinka aka bari a tsaye, da gauta da yalo a gefe; nan take renon rundunar da za ta far wa sabon dashe.

TAMBAYA: Jajayen tururuwan da ke ɗinke ganyen mangwaro su yi gida sun cika min lambu, suna cizon masu tsinka. Me zan fesa musu?
Daga wani mai lambu, Kintampo, Ghana.

AMSA: Alhaji, kafin ka fesa, ka yanka mangwaro 20 daga itatuwa masu gidajen nan da 20 daga marasa su, ka ƙirga masu tsutsa. Ƙudan da ke sa mangwaro tsutsa, wanda ya shigo Afirka daga Asiya aka fara ganin sa a Kenya a 2003, yana gudun itacen da tururuwar nan ke sintiri. Tana kama tsutsar, tana hana macen zama ta saka ƙwai, warin sawunta ma kaɗai yana korar ta. Bincike a lambunan arewacin Benin ya nuna itatuwa masu yawan gidaje sun fi sauran tsira nesa ba kusa ba. Manoman lemo a Sin suna sayen 'yar'uwarta a kasuwa tun wajen shekara ta 304 Miladiyya.

Masu tsinka su shafa toka a hannu da ƙafa, su yi amfani da gora mai raga. In kana son ta yaɗu, ka ɗaura igiya daga itace mai gida zuwa na kusa da shi. Amma gidaje daga zuriya daban ba sa shiri: ɗauko kaɗan daga nan ka sa a can, in suka kaure da faɗa kada ka haɗa su. Tana kiwon wasu ƙwari masu manne wa reshe saboda zaƙinsu, a riƙa sare reshen da abin ya yi yawa. Mangwaron da ya faɗo a tsince sau 2 a mako, a binne zurfin santimita 50 ko a ƙulle a baƙar leda a rana. Masu karatu na can arewa su sani tururuwar nan ta ƙasa mai danshi da inuwa ce, ba ta zama inda rani ya yi tsawo.

TAMBAYA: An ce akwai maganin fara da ba guba ba. Gaskiya ne?
Daga wani manomi, Gashuwa.

AMSA: Gaskiya ne, Malam. Funfuna ce mai suna Metarhizium acridum, kuma irin da aka yi maganin Green Muscle da shi a jikin wata fara aka samo shi a Nijar, ƙarƙashin shirin yaƙi da fara na LUBILOSA da aka fara a 1989. Ana dama giram 50 na garinta a mai, ba a ruwa ba, a fesa wa hekta guda da injin da ke fitar da feshi kamar hazo. Fara da danginta take kamawa, ba ta taɓa balbela da zabi da sauran tsuntsayen da ke cin fara, ballantana ƙudan zuma. Sai dai ba ta da gaggawa: fara tana rage ci bayan 'yan kwanaki, mutuwa kuwa sai mako 1 zuwa 3, kuma tsananin rana yana ƙara jinkirta ta, domin farar da ta kamu tana shanya jikinta ta ɗaga zafinsa. Don haka kan 'ya'yan fara da ba su yi fiffike ba ake amfani da ita, a makiyaya da saura, kafin su shigo gero. Yawanci ta hannun ma'aikatar kare tsirrai take zuwa, saboda haka da kun ga ƙyanƙyasa ku kai rahoto. Farar da aka tsinta a mace ko tana layi a inda aka yi feshin guba, kada a soya, kada a kai kasuwa, kada kuma a zuba wa kaji.